Rajistar da Ruwa Bai Ci Ba

Malam Tanimu, an ce gobe za ka ajiye aiki.
Ka yi haƙuri, da biro na zauna,
wannan ba ta na'ura ba ce.

Ka tuna Talatar da ka fara zuwa Tsakuwawa?
Babur ɗinka ya kafe a taɓon fadama,
yara suka turo ka har ƙofar ofis,
wando a naɗe, takalmi a hannu,
kwamfuta cikin buhun shinkafa, an ɗaure da roba.
Na dube ka, na ce a raina:
ga wani kuma zai ci alawus ya wuce.

Shekara goma sha tara ina hedimasta,
alli ya san yatsuna, jan biro ya san hannuna,
sai ga ni kan bencin 'yan aji uku,
wai in kama ɓera in ja.
Hannu na rawa kamar mazari
na danna abin da ban sani ba,
aji huɗu ya ɓace ɗungurungum,
yara sittin da bakwai har da sunan iyayensu.
Na yi salati.
Ba ka yi dariya ba. Na lura da haka.
Ka ce, "Malam Haladu, ba su je ko'ina ba,"
ka taɓa maɓalli biyu, suka dawo a jere
kamar awaki da almuru.

Da ni da kai muka hau kwano da faifan sola,
maigadi Ɗanlami na riƙe da tsani yana mita.
Sabis kuwa sai gindin kukar bayan kasuwa,
can muke tsayawa, waya a sama,
kamar masu neman jinjirin wata.

Akwai wadda ban taɓa faɗa maka ba.
Watan da na'urar ta fara ƙirga malamai
ta fito da suna biyu, albashi na shiga, ƙafa ba ta zuwa.
Ɗayan surukina ne.
Wata uku ina amsa sallamarka a daƙile,
a gida ma gaisuwa ta gajarce.
Ka sani sarai, ka yi kamar ba ka gani ba,
ka ci gaba da zuwa duk Talata
da goro ɗaya mu raba.

Sai daminar da kogin Haɗeja ya ƙi gadonsa.
Ruwa ya shiga ofis har wuyan kabad,
rajistu tun na wanda na gada
suka dame kamar kunu, tawada ta bi ruwa.
Ina kan tudu ina kallon bencina na iyo,
Ladidi 'yar aji shida tana kuka a gefena,
jarrabawa saura mako biyar,
ba takarda ɗaya da ta san ta taɓa zama a aji.

A kwalekwale ka zo.
Ka kai ni Miga, ka ari kwamfutar wani,
ka ce in sa kalmar sirrina.
Na buga sunan mahaifiyata da yatsa ɗaya,
sai ga Tsakuwawa kaf, a bushe:
Ladidi Barau, lissafi, saba'in da ɗaya.
Na juya baya, wai ina gyara hula.

Hedimasta nawa ka zaunar kan benci?
Daga Auyo zuwa Jahun an ce mun haura ɗari biyu.
Ba allo da sunanka a bakin titi,
babur ɗin ma na ji ka sayar.

Ladidi ce ke riƙe da ɗakin kwamfuta yanzu.
Jiya sabon mataimakina ya ɓatar da aji guda,
ya miƙe tsaye, gumi har gemu.
Ban yi dariya ba.
Na ja benci kusa da shi, na ce ba su je ko'ina ba.

Har yau da yatsa ɗaya nake bugawa.
Allah ya huta gajiya, Malam.